Uwargida, Kafin Ki Zuba Kuɗin Adashinki A Waya

   

Na san wata za ta ce, yau kuma me ya haɗa malamar Islamiyya da zancen waya? To 'yar'uwa, hawayen wata ɗalibata ne ya haɗa mu. Baiwar Allahn nan tana ajina na matan aure a nan Nariya, cikin ƙaramar hukumar Kibiya. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma duk wadda ta taɓa tsayawa a kan tuyar ƙuli ta san kuɗin nan ba a zaune ake samunsa ba. Wata goma cur tana zubin adashi. Da kwasarta ta zo, naira dubu 160, sai ta ce babbar waya take so, don masu sayen manta na Rano da Kano su riƙa turo mata kuɗi kai tsaye, ta kuma riƙa sauraren karatu tana aiki. Maigidanta ya amince. Ta damƙa kuɗin a hannun wani ƙaninsa da zai shiga birni.

Yaron bai ci amanarta ba, rashin sani ne ya ci shi. Tun a bakin kasuwa wani ya tare shi, ya ja shi gefe, ya nuna masa waya mai ƙyalli, bayanta ɗauke da sunan wani babban kamfani, ya ce ai ta dubu 400 ce, matsuwa ce ta sa zai karyar. Babu kwali, babu rasit. Mako uku wayar ta yi a hannunta. Ta fara zafi kamar an ɗora ta a murhu, caji ba ya kai azahar, karatun da ta zuba bai kai surori ashirin ba ta ce wai ta cika. Da aka kai wa mai gyara a Rano ya buɗe, sai ya ce jabu ce, sunan ne kawai a baya. Ranar da ta zo makaranta tana ba ni labari, abin da ya fi ƙona mata rai shi ne saura wata biyu adashin ya zagaya, dole ta ci gaba da zubi a kan abin da ya riga ya mutu. Ta ce, "Malama, da tinkiya na saya da yanzu ta kusa haihuwa."

Tun daga ranar na ɗaura ɗamarar bin diddigin wannan al'amari. Na zauna da masu gyara, na shiga kasuwa tare da yayana, na karanta abin da ke jikin kwalaye. Abin da na tattaro ne na kawo miki yau.

Yadda waya ta zama kayan aiki

Ina yarinya wayar salula ta shigo Nijeriya, a watan Agustan 2001. A wancan lokaci layi kaɗai yakan kai naira dubu 20 ko fiye, sai manyan 'yan kasuwa da ma'aikata ke riƙe ta. Yau kuwa har mai tallan awara tana da lamba. Wadda duk ta ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, lokacin da takardar naira ta yi ɓatan dabo, ta san cewa waya ta wuce abin ƙawa. Matan da ke iya karɓar kuɗi ta waya sun ci gaba da ciniki, sauran kuwa kayansu ya kwana a gida. Ga sanarwar makarantar yara da ta koma WhatsApp, ga gaisuwar biki da ta rasuwa, ga ɗan da ke karatu a Zariya ko Wudil da kike son ganin fuskarsa.

Sai dai yadda bukatar ta ƙaru, haka tsadar ta ƙaru. Kusan duk wayoyin da ke kasuwanninmu daga waje ake shigo da su, da dala. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 kuwa sai da ta haura naira 1,500. Shi ya sa wayar da kika san farashinta shekaru uku da suka wuce, yau in kika ji kuɗinta sai ki riƙe baki. Ki tuna mafi ƙarancin albashi da gwamnatin Kano ta sanar a 2024 naira dubu 71 ne. Wato wayar dubu 200 ta kusa albashin wata uku na ƙaramin ma'aikaci. Abin da ya kai haka ai ba a saye shi da ka ba.

Wace ce matsakaiciyar waya?

Wayoyin shafawa hawa uku ne. Akwai na ƙasa, masu araha, waɗanda ake rage musu komai don kuɗinsu ya sauko. Suna kira, suna WhatsApp, amma da an kwana biyu sai nauyi da cijewa. Akwai na sama, irin su iPhone da manyan Samsung, waɗanda sababbinsu kan haura miliyan. Sai na tsakiya, waɗanda a zagayen da na yi na tarar da yawancinsu tsakanin naira dubu 150 zuwa 300. Farashi yana motsi da motsin dala, saboda haka ki sa a tambayo miki na makon da za ki saya.

A wannan hawa na tsakiya sunayen da za ki fi cin karo da su su ne Tecno da Infinix da itel da Redmi da kuma jerin A na Samsung. Abin da mata da yawa ba su sani ba shi ne, Tecno da Infinix da itel duk 'yan ɗaki ɗaya ne, kamfani guda ne mai suna Transsion da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin yake yin su. Redmi ta kamfanin Xiaomi ce, shi ma na Sin. Samsung kuwa ta Koriya ta Kudu ce. Ban zo in tallata miki ko ɗaya ba, domin kowane kamfani yana da mai kyau yana da mai rauni. Abin da ke cikin wayar za ki duba.

Kafin komai, ki zauna ki tambayi kanki: me zan yi da ita? Mai ɗinki da ke tura wa mutane hoton atamfa da leshi bukatarta daban da ta malamar da ke tara karatu, daban da ta uwar da kawai take son ta ga jikokinta. In kin san aikin da za ta yi miki, ɗan kasuwa ba zai ɗora miki abin da ba ki da bukatarsa ba.

Batir da caja su ne kan gaba

Ga mu mazauna karkara, inda wutar lantarki ke leƙowa ta koma, wasu unguwannin ma sai dai a kai wa mai caji a biya, batir ne abu na farko. Ana auna girmansa da wasu haruffa, mAh. Ki duba jikin kwali, ki nemi mai 5000 ko sama da haka. Irin wannan, in ba a wuni ana kallon bidiyo ba, yakan kai ki dare.

Abu na biyu da ake mantawa shi ne saurin cajin. Za ki ga an rubuta 10W ko 18W ko 33W. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon saurin cika. In an kawo wuta ta awa ɗaya aka ɗauke, mai 33W ta sha abin da zai wuni da ita, mai 10W kuwa ko rabi ba ta kai ba. Haka nan ki tambaya ko da kan caja a cikin kwalin, domin wasu kamfanoni sun daina sakawa, igiya kawai za ki tarar. In babu, ki lissafa kuɗin caja ta asali a cikin kasafinki. Cajar bakin titi tana kashe batir, wani lokaci har da wayar. Ki kuma zaɓi mai bakin caji irin na yanzu, wanda ake kira Type-C, mai shiga ta kowane gefe, shi ne ya zama ruwan dare, ko gidan biki kika je ba za ki rasa ara ba.

Rumbu da murhu

Akwai lambobi biyu da ake rubutawa tare, misali 4/128, su ne suka fi rikita mata. Bari in kwatanta miki da abin da muka sani. Babbar lambar, wato 128, ita ce rumbun wayar, inda hotuna da karatu da bidiyo ke zama. Ƙaramar, wato 4, ita ake kira RAM, ki ɗauke ta kamar yawan murhun da ke madafarki. Mai murhu ɗaya sai ta sauke tuwo kafin ta ɗora miya. Mai murhu huɗu kuwa tuwo da miya da ruwan wanka duk a lokaci guda. Wayar da RAM ɗinta ya yi kaɗan, kina fita daga WhatsApp ki shiga manhajar banki, kafin ki dawo ta manta inda kika tsaya.

Shawarata, kada rumbu ya gaza giga 128, kada RAM ya gaza 4, in da hali 6 ko 8. Mai giga 32 ko 64 tana da sauƙin kuɗi, amma ki sani tsarin wayar kansa ya riga ya cinye wani kaso tun kafin ki zuba komai. Cikakken karatun Alƙur'ani na makaranci ɗaya yakan ci giga ɗaya ko fiye, ga tafsirin azumi, ga bidiyon biki da ƙawaye ke turowa ba dare ba rana. In wayar tana da gurbin saka memori, wannan ƙarin alheri ne, ki tambaya, domin ba duka ke da shi ba.

Ga wata dabara ta talla da ya kamata ki gane. Za ki ga an rubuta da manyan baƙi cewa RAM 8 ne, a ƙasa kuma da ƙanana an sa 4+4. Huɗun farko ne na gaske. Na biyun aro ne aka yi daga rumbu, kuma bai kai na asali sauri ba, kamar a kafa duwatsu uku a tsakar gida a ce an ƙara miki madafa. Yana ɗan taimakawa, amma kada ki biya kuɗin takwas a kan huɗu. Ki ce wa mai shago, "Nawa ne na asalin?"

Sabis, kyamara da fuskar waya

Kamfanin MTN ya fara 5G a 2022, Kano na cikin biranen farko, Airtel ya biyo baya a 2023. Amma abin ya fi yawa a cikin manyan birane. Ke da ke zaune a Nariya ko Tarai ko Rurum, ƙarin kuɗin da za ki biya don 5G gara ki zuba shi a rumbu ko batir. Abin da ba za ki yarda ki rasa ba shi ne 4G. Ki kuma ɗauki mai layi biyu, domin mun sani a ƙauyukanmu wani layin a ɗaki yake kamawa, wani sai an fita gindin bishiya. Kafin ki saya, ki tambayi maƙwabtanki wane layi ne ya fi ƙarfi a unguwarku. Waya komai tsadarta ba ta ƙirƙiro sabis inda babu.

Batun kyamara kuwa, a nan ake yi wa mata ganin kitse a rogo. Za ki ga idanu uku ko huɗu a bayan waya, alhali sau da yawa ɗaya ne ke ainihin aikin, sauran 'yan rakiya ne. Haka nan yawan lambar da ake rubutawa, 50MP ko 108MP, ba shi kaɗai ke sa hoto kyau ba. Gani ya kori ji. Ki sa a kunna miki irinta ta gwaji, ki ɗauki hoton gefen mayafinki a cikin shagon, inda haske bai cika ba. In launin ya fito yadda yake, zaren ya fito sarai, to za ta yi wa mai ɗinki da mai sayar da kayan ɗaki aiki.

Fuskar waya iri biyu ce a wannan hawa, akwai LCD akwai AMOLED. Ta biyun ta fi haske da kyan launi, amma ranar da ta fashe kuɗin canjinta ya fi yawa nesa ba kusa ba. Gidan da ke da 'yan yara masu rarrafe, wannan abin lissafi ne. Ki fita da wayar bakin ƙofa ki gani ko ana iya karatu a cikin rana, ki kuma kunna sauti ki ji ƙarfin lasifikarta, tunda yawancinmu a kan tabarma muke ajiye ta muna aiki muna saurare.

Waya ma tana tsufa

Wani abu da ban sani ba sai da na bincika shi ne, waya tana iya zama garau a jiki amma ta tsufa a ciki. Tsarin da ke tafiyar da ita, wato Android, kusan kowace shekara ake fitar da sabo, kuma kamfanoni kan turo gyare-gyaren tsaro na wasu shekaru sannan su daina. In an daɗe da dainawa, sai manhajoji su fara juya mata baya. A watan Oktoban 2023, misali, WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da tsarinsu bai kai Android 5 ba. Manhajojin banki ma haka suke yi lokaci zuwa lokaci.

Saboda haka ki tambayi shekarar da wayar ta fito. Wadda ta shekara uku a kan kanta, ko da a cikin ledarta take, ta riga ta cinye wani ɓangare na rayuwarta. Ki kuma tambayi shekaru nawa kamfanin ya yi alkawarin ci gaba da sabunta ta. Samsung ya yi alkawarin shekara shida ga wasu wayoyinsa na jerin A da suka fito daga ƙarshen 2024, irin su A16. Wasu kamfanonin nasu bai kai haka ba, amma sukan fi ba da babban rumbu ko caja mai sauri a kan kuɗi ɗaya. Ke za ki auna wanda ya fi miki.

Sannan ki yi tunanin ranar gyara tun ranar saye. Kafin in sayi tawa sai da na je wajen mai gyara a Rano na ce, "Malam, wace waya ce in ta lalace kake da kayanta a nan, ba sai an aika Kano ba?" Amsarsa ta rage mini rabin ruɗani. Wayoyin Tecno da Infinix da itel kayansu sun wadata, kuma suna da cibiyar gyara ta kamfani mai suna Carlcare a Kano. Baƙuwar waya da wani ya zo da ita tsaraba daga waje, ranar da gilashinta ya fashe sai ki yi wata kina jira.

Ranar shiga kasuwa

A Kano manyan wuraren sayar da waya su ne kasuwar Farm Centre da titin Beirut, kuma akwai 'yan kasuwa masu amana da yawa a cikinsu. Ko da kanki za ki je tare da maigida ko muharraminki, ko aike za ki yi, ga abin da za a kiyaye.

A shiga shago mai suna da mazauni, wanda in an dawo gobe za a same shi. Kada a tsaya da mai tare mutane a hanya. A zagaya shago uku ko huɗu a ji farashin waya iri ɗaya. In kowa ya ce dubu 200, wani ya ce dubu 120, to a bar masa kayarsa, akwai lauje cikin naɗi. A tabbata kwalin a rufe yake da hatiminsa, a kuma buɗe shi a gaban mai shagon.

Da an kunna wayar, a danna *#06# kamar za a yi kira. Wata lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, sunanta IMEI, ita ce shaidar wannan wayar a duniya, mai layi biyu kuma lamba biyu za ta nuna. A gwada ta da wadda ke jikin kwali. In sun saɓa, a ajiye wayar a fita. In sun dace, a sa mai shago ya rubuta lambar a kan rasit, tare da sunan wayar da kwanan wata da hatimin shagon. A tambayi garanti, wanda yawanci shekara guda ne, wasu kamfanonin har biyu, a kuma ji inda ake kai ta in ta samu matsala. Ki sani garanti ba ya ɗaukar fashewar gilashi ko faɗawa ruwa. Kafin a bar shagon a saka layi a yi kira, a gwada caja, a gwada kyamarar gaba da ta baya. Rasit da kwali kuwa ki adana su inda kike adana takardun haihuwar yara.

In aike za ki yi, kada ki ce "a sayo mini mai kyau". Ki rubuta a takarda: sunan wayar, rumbu kaza, RAM kaza, sabuwa a kwali, da rasit. Ki ƙara da cewa in ba a samu haka ba a dawo miki da kuɗinki. Da ɗalibata ta yi wannan, da ƙanin mijinta ya samu abin da zai kare kansa da shi daga daɗin bakin mutumin nan.

Ta hannu da ta bashi

Wata za ta ce, Malama, kuɗina bai kai sabuwa ba, ta hannu fa? Babu laifi, in kin san mai ita kuma kin san dalilin sayarwar. Amma ki tuna yadda ƙwacen waya ya addabi Kano, har a 2023 gwamnatin jiha ta ayyana shi a matsayin fashi da makami. Ana bin sawun wayar sata ta wannan lamba ta IMEI, kuma wanda aka samu da ita a hannu shi ake fara kamawa. Matar aure da mutuncinta, a zo har ƙofar gida ana sallama da 'yan sanda saboda waya, wannan abin kunya ina za a kai shi? Ban da haka, mu da muke karantar da yara cewa sayen kayan da ake zaton na sata ne taimakon ɓarawo ne, bai kamata a gan shi a hannunmu ba. Wataƙila wayar nan sai da aka zubar da jinin ɗan wata kafin ta iso gare ki. In za ki sayi ta hannu, ki nemi rasit da kwalinta na asali, a rubuta takardar ciniki da shaidu, mai ita kuma ya cire asusunsa na Google a gabanki, in ba haka ba ranar da aka wanke ta za ta kulle ta ce sai shi.

Sai kuma wayar bashi, wadda ake ba da wani abu a karɓa, a riƙa biyan sauran duk mako ko duk wata. Ki lissafa jimillar abin da za ki biya daga farko har ƙarshe, za ki ga ya ɗara farashin kasuwa sosai. Yawancin irin wannan tsari kuma, in kika makara da biya, daga can za a kulle wayar. Ta fuskar addini, malamai sun bambance tsakanin ɗan kasuwar da ya sayar miki da kayansa a kan farashi ɗaya sananne zuwa wani lokaci, wanda mafi yawansu suka halatta, da kamfanin da ya ranta miki kuɗi yana ɗora ruwa, yana ƙara tara in kin yi jinkiri. Kada ki sa hannu a takardar da ba a karanta miki ba. Ki kai wa malamin da kika amince da shi ya duba. In kuwa da hali, haƙurin wata uku a ƙarasa tara kuɗin ya fi kwanciyar rai.

Bayan ta shigo gida

Ranar da kika saya, ki sa mata riga da gilashin kariya tun a shagon. Kuɗinsu kaɗan ne in aka gwada da canjin fuska. Kada ki bar ta a rana ko kusa da murhu, musamman a zafin bazara, kada kuma a yi cajinta a ƙarƙashin matashi, zafi ne babban abokin gabar batir.

Layin da za ki saka ya zama da sunanki aka yi masa rajista, da lambarki ta NIN. Tun watan Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa layi da wannan lamba, a 2024 kuma aka rufe layukan da ba a haɗa ba. Mata da yawa suna riƙe da layin da ɗa ko ƙani ya yi wa rajista, kuma da shi suka buɗe asusun banki. Ranar da wayar ta ɓata, sai an nemo wancan kafin a dawo da layin. Lambar sirrinki ta banki kuwa, da lambar da banki ke turowa in za a cire kuɗi, kada ki faɗa wa kowa a waya, ko ya ce daga banki yake, ko ya ce tallafi za a ba ki. Banki ba ya kira ya tambayi wannan.

Kuɗin data ma abin kula ne, tunda a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100. Ki sa a nuna miki yadda ake hana WhatsApp sauke bidiyo da kansa, za ki ga datarki ta yi auki, rumbunki ma ya huta.

Sai amanar da ta fi duka, wato yara. Ki sa wa wayar makulli, kuma in za ki ba yaro, ya zauna kusa da ke. Abin da ba za ki bari baƙo ya shigo ɗakinki ya nuna wa 'yarki ba, kada ki bari waya ta nuna mata a bayan ƙyaure. Hotunanki na cikin gida, waɗanda babu lulluɓi, ki yi tunani kafin ki tara su, domin waya tana ɓata, tana kuma zuwa hannun mai gyara. In za a kai gyara a cire layi da memori, in aikin ba mai daɗewa ba ne wanda aka aika ya tsaya a yi a gabansa. Tsakaninki da maigida kuma, kada abin da kika saya don ya sauƙaƙa miki sana'a ya zama shi ne ya dawo daga gona ko kasuwa yana magana kanki na sunkuye. Mun sha sulhunta ma'auratan da ba abin da ya shiga tsakaninsu sai wannan.

Ɗalibar tawa ta gama biyan wancan adashi, ta shiga wani. A yanzu da 'yar ƙaramar wayarta mai tocila take amsa kiran masu sayen mai, kuɗi kuma ta wajen mai POS na bakin kasuwa ake turo mata, yana cire ladansa. Kwasarta ta gaba bayan girbi ce. Makon jiya ta zo mini da wata takarda da ta yago daga littafin ɗanta, ta ce in rubuta mata abin da za a nema. Na rubuta: batir 5000, rumbu 128, RAM 4 na asali, layi biyu, sabuwa a kwali, rasit mai lambar IMEI. Ta ninke ta soke a bangon Ahalarinta. Ta ce wannan karon da ita za a je, maigidan ya yi alkawarin kai ta.

Ke ma 'yar'uwa, in lokacinki ya yi, ki kwafi wannan takarda. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Allah Ya sanya albarka a cikin sana'o'inmu, Ya tsare mu daga hannun macuta, Ya shirya mana zuriya.